Kwandon Gahawar Majken

Tun a mota Gunnel ta gama yanke hukunci, shaida kawai take nema.

"Ki bi kakanki, ki sa ido," ta ce wa 'yarta Tuva. "In ya manta abu ɗaya, ko igiya ce, ki gaya mini. Jirgin sai a bar wa abokinsa Sixten, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa. Ba zan zauna ina jiran a kira ni daga tafki ba."

Tuva ta ce to. Dama "to" ce maganarta. Shekarunta ashirin da biyu, kuma kowa a gidan ya san abu biyu game da ita: ba ta iya ce wa mutum ya yi kuskure, ba ta kuma iya ƙarya. In ta gwada, kunnuwanta ne ke yin jawur kamar tumatir. Shi ya sa aka zaɓe ta.

Kakanta Holger yana da shekara saba'in da takwas. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk Asabar, daga ta farkon watan Yuni har sanyi ya shigo, shi da matarsa Majken sukan tura ɗan jirginsu na katako cikin tafkin Vänern, su ɗaga zanen iska, su nufi wani tsibiri da babu kowa sai duwatsu da tsuntsaye. Su kafa tanti, su kwana, su dawo, maganarsu ba ta wuce goma ba. Majken ta rasu a watan Nuwamba. Yau ce fita ta farko babu ita.

A bakin ruwa suka tarar da Holger yana zagaya jirgin, yana taɓa kowace igiya da yatsa. Abokinsa Sixten na zaune a kan dutse yana kallo, kamar mai jiran gado.

"Kai tsoho," in ji Sixten, "iskar yau ba ta sa'anninka ba ce. Ka koma gida ka shayar da furanni."

"Ranar da ka kife a gaban mutane ko ganye ba ya motsi," in ji Holger, bai ko waiwaya ba.

"Shekara talatin ke nan!"

"Har yanzu hularka tana ƙasan ruwa. In na gan ta zan gaishe ta."

Tuva ta sa ido kamar yadda aka ce. Ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya duba rigunan ceto, ya ƙirga sandunan tanti, ya naɗe kashi ɗaya na zanen don kada iska ta fi ƙarfinsu. Bai manta komai ba. Daga ƙarshe ya miƙo mata tsohon kwandon Majken, wanda ya cika da kansa: fulas na gahawa, kofi biyu, burodin kirfa.

"Riƙe, Shiru-shiru. Mai kwando gaba take zama. Ba a buɗewa sai an kai jan duro."

Ta ce to.

Suka fita. Iska ta cika zanen, jirgin ya karkata, ya fara yanka ruwa. Holger na baya, hannu a sandar tuƙi, fuskarsa kamar ta mai sauraron labarai. Ba su yi minti goma ba Tuva ta ji sanyi a dunduniyarta. Ta duba. Ta jira ko zai gani da kansa. Bai gani ba.

"Kaka, ruwa."

"Tafki ne."

"A cikin jirgin."

Ya leƙa ƙasa sau ɗaya. "Katako ne ke sha. Wata bakwai yana bushewa a rumfa, dole ya yi ƙishi. In ya ƙoshi zai kumbura ya rufe. Duk shekara haka ne. Kwarfe."

Ta ɗauki roba ta fara kwarfewa. Tana zubarwa, yana dawowa. Gaɓa ta yi nisa, iska ta ƙaru, igiyoyin ruwa suka fara zuwa gajeru-gajeru, a jere, masu farin kai. Jirgin ya yi nauyi. In ya karkata, ruwan ciki sai ya bi shi gefen, ya daɗe kafin ya miƙe. Tuva ba ta san jirgi sosai ba, amma ta san wannan ba daidai ba ne.

"Bana ƙishinsa ya yi yawa," in ji Holger.

Ruwa ya kai idon sawu lokacin da suka iso jan duron da ke bisa ruwa yana nuna wa manyan jirage hanya. Tuva ta ɗauka yau za a ɗaga wa gahawa ƙafa. Holger ya juya hancin jirgin wajen iska, ya sassauta igiya, zanen ya hau kaɗawa fat-fat-fat.

"Zuba," ya ce.

"Yanzu?"

"Ga duro."

Ta zuba masa, rabi a kofi, rabi a wandonsa. Shi ba ya shan sukari, ita kuwa tana sha, kamar kakarta. Ta laluba ƙasan kwandon ta ciro ɗan gwangwanin sukarin Majken, wanda ba wanda ya taɓa tun bara. Ta buɗe.

Babu sukari. Matoshi ne a ciki, irin na kwalba amma ya fi kauri, an ɗaura masa jan zare.

Ta kalle shi. Sai ta tuna. Tana ƙarama, duk ranar tura jirgi, ta sha ganin Majken ta hau tun jirgin yana kan tudu, ta durƙusa a baya wajen da mai tuƙi ke sa ƙafa, ta ɗan daɗe, sannan ta miƙe ta ɗauki kwandonta ta wuce gaba. Akwai ƙaramin rami a ƙasan jirgin da ake buɗewa don ruwa ya tsiyaye in an fito da shi. Majken ke cire matoshin in sanyi ya shigo, ta ajiye inda dole ta gan shi ranar da za ta zuba sukarin tafiya. Ita ke mayarwa. Ba ta taɓa faɗa ba, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ramin kuwa yana ƙarƙashin takalman Holger.

Tuva ta duba ko akwai hanyar da za ta kai can bai sani ba. Babu. Jirgin duka tsawonsa taku biyar ne. In ta yi magana, ya san ya fito da jikarsa tsakiyar tafki da rami a buɗe, kuma gobe uwarta za ta tambaya. In ta yi shiru, za su je su gai da hular Sixten.

"Kaka, ɗaga ƙafarka."

"Me?"

"Ɗaga ƙafarka na ce!"

Bai taɓa jin muryarta ta kai nan ba. Ya ɗaga duka biyun, kofi a hannu, kamar ana share ɗaki. Ta rarrafo, ta cire katakon shimfiɗa, ta tsoma hannu har gwiwar hannu cikin ruwan da ya fi ƙanƙara mugunta. Ta laluba. Ga ramin, tsohon fenti da ganye sun toshe rabinsa, ruwa na turo mata yatsa. Ta share, ta cusa matoshin, ta doka shi sau uku da gindin fulas.

Holger ya daɗe yana kallon jan zaren da ke rawa cikin ruwa.

"Ni na ɗauka takalminta take ɗaurewa," ya ce.

Tuva ta mayar da katakon shimfiɗa.

"Shekara arba'in da ɗaya. Har nakan ce mata ta sayi marar igiya."

Ya shanye gahawarsa. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce iska ce. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba: ya miƙa mata sandar tuƙi, ya karɓi robar, ya durƙusa ya hau kwarfe ruwa da kansa. Wannan karon in ya zubar, ba ya dawowa.

Sai da suka hango tsibirin ya sake magana.

"Za ki gaya wa uwarki."

"Za ta tambaya."

"Kunnuwan nan naki."

"Eh."

"To," in ji shi. Ya miƙa mata burodi.

Washegari da yamma suka dawo. Gunnel na tsaye a bakin ruwa, ta naɗe hannu. Sixten kuwa har ya juyo da bayan motarsa wajen ruwa, kamar mai shirin jan jirgi, ya ce wai inuwa yake nema.

"To?" in ji Gunnel. "Ya manta wani abu?"

Holger ya sunkuya yana naɗe igiyar da ya riga ya naɗe.

"An fita babu matoshi," in ji Tuva. "Ruwa ya kai idon sawu."

"Na faɗa!" in ji Sixten. "Ban faɗa ba?"

"Shi bai manta komai a aikinsa ba, Mama. Na duba, ɗaya bayan ɗaya. Matoshi aikin mai kwando ne. Tun da can haka yake."

Gunnel ta matso ta kalli kunnuwan 'yarta, na dama, sannan na hagu. Farare tas.

"Wace ce mai kwando?"

"Ni."

"Ai na jiya ne kawai. Asabar mai zuwa fa? Da wadda ke bin ta? Ke da ko bas ba kya son shiga don kada a yi miki magana?"

"A jirgin ba a magana," in ji Tuva.

Gunnel ta sake duba kunnuwan. Sixten ya ce shi dama jirgin ya yi masa ƙanƙanta, ya je ya gyara fakin.

Da suka jawo jirgin kan tudu, Tuva ta hau, ta durƙusa a baya, ta ja jan zaren. Sauran ruwan ya tsiyaye kan tsakuwa. Ta goge matoshin da gefen rigarta, ta sa a gwangwani, ta rufe, ta mayar cikin kwando.

"Asabar ƙarfe takwas," in ji Holger. "Ki zo da sukarinki. Ni ba na saye."