Baftismar Mai Kemis

Auta ce ta fara kai shi coci. Kafin nan Dokta bai taɓa sa ƙafa a wurin ibada kowane iri ba tun da ya mallaki hankalin kansa, kuma ba ya ɓoyewa. Ba likita ba ne, kemis gare shi a bakin titi inda motocin haya ke tsayawa, mutanen unguwa suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Ita kuwa malamar firamare ce, 'yar autar dattijon coci, cikin ƙungiyar mawaƙa ta tashi. Tari ne ya kai ta shagonsa. Tarin ya warke, zuwa bai ƙare ba.

Da maganar aure ta isa gaban Baba, bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Yaron kirki ne, kowa ya shaide shi. Amma ba zan ba da 'yata ga wanda ba ya durƙusa wa Mahaliccinsa ba. Ya shiga ajin baftisma, ya tsaya gaban jama'a ya shaida bangaskiya da bakinsa, sai mu zauna."

Dokta ya shiga ajin. Ya riga kowa zuwa, ya fi kowa tambaya, har Fasto kan ce da wasa yaron nan zai sa shi komawa makaranta da furfurarsa. Wata rana ya gama karanta labarin matar da aka kawo za a jefe ta, Mai Ceto ya hana, ya ce wa Auta, "Mutumin nan, da a zamaninmu yake, da na rufe shago na bi shi." Ta riƙe maganar a ranta, ta ɗauka aiki ya kusa kammaluwa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi baftismar, ta biya shagon bayan an tashi daga makaranta, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ta same shi yana rubuta wa wata mai goyo yadda za ta ba jariri maganin zazzaɓi. Da matar ta fita, sai ya jingina da kantar shagon, bai ko yi wa Auta sannu da zuwa ba.

"Lafiya?" in ji Auta.

"Akwai maganar da ta tsaya min a wuya. A shaidar bangaskiya, inda zan ce budurwa ce ta haifi Mai Ceto."

Ta yi murmushi, ta zaci tsokana ce. Ta ga bai yi ba.

Ya ce, "Yara mata nawa suka tsaya nan inda kike tsaye, uwa a bayansu. A yi gwaji, ciki ya bayyana, yarinya ta yi ta rantsuwa ba namijin da ya taɓa ta. Ban taɓa ƙaryata ko ɗaya a gaban uwarta ba. Amma ni da ke mun san yadda ciki ke shiga."

Ta ce, "Uwar Ubangiji kake haɗawa da su?"

"Ba zaginta nake ba, ki ji ni. Ni a ganina yarinya ce da wani abu ya same ta, wataƙila ma ba da son ranta ba, a garin da ake jifan irinta. Wani kafinta ya rufa mata asiri, ya riƙi ɗan kamar nasa. Ɗan ya girma bai taɓa wulaƙanta mace ba. Wannan labarin ya fi taɓa ni. Daga baya waɗanda suka ƙaunace shi suka ga mutum irinsa bai kamata ya zo duniya kamar kowa ba, sai suka ƙara."

"Wanda ya yi mutum daga ƙasa, ciki ne zai gagare shi?"

"In yana nan, ba zai gagare shi ba." Ya sunkuyar da kai. "Auta, ban ce miki na same shi ba ma."

Fanka tana juyawa a sama, a waje kwandasta yana kiran fasinja. Ta ji kamar ta taka matakala ta tarar babu.

"To me kake yi a ajin duk watannin nan?"

"Nema nake yi. Kuma ina sonki. Gobe zan je in gaya wa Fasto gaskiya, ya ɗaga min zuwa wani lokaci."

Baba ya faɗo mata a rai. Ya riga ya sanar da dangi na kusa da na nesa, ya ba tela ɗinki, ga hawan jinin da ba ya son tashin hankali. Ta kuma san halinsa, in ya ce a'a sau ɗaya, ko ƙasa da sama za su haɗu ba ya janyewa.

Ta ce, "Kar ka je. Ka faɗa kawai. Bangaskiya za ta zo daga baya."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke kike cewa haka?"

"Mutum nawa ke faɗa kowace Lahadi hankalinsu yana kan tukunyar da suka bari a wuta?"

"Su sun yarda, tunani ne ba su yi ba. Ni na yi tunanin, ban yarda ba."

"Saboda ni," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye biro. "To. In kin ce haka, zan faɗa."

Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a cikin farar riga. Fasto yana tambaya yana amsawa. Da aka zo wurin maganar budurwar, Auta ta kafa masa ido. Bai yi ko gyaran murya ba, ya faɗa tar, har na kujerar baya suka ji. Baba ya damƙe hannunta, hawaye na bin kumatunsa. Da aka fito ya rungume Dokta ya kira shi ɗana. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, Auta ta buɗe baki tare da su, ita kaɗai ta san ba abin da ke fita.

Aka yi aure. Dokta bai rage ta da komai ba. Ba ya fashin coci, shi ke duba wa tsofaffi jini kyauta bayan sujada. Sau ɗaya ta tambaye shi, suna wanke-wanke, ko bangaskiyar ta zo. Ya ajiye kwano ya ce, "Gaskiya kike so, ko kwanciyar hankali?" Ba ta sake tambaya ba. Sai dai duk Lahadi in an miƙe ana shaida bangaskiya, ba ta iya sa ranta a maganar. Kunnenta yana kan muryar mijinta, tana jiran ta ji ko wani abu ya sauya.

Da ciwon Baba ya tashi, suka ɗauko shi ya dawo gidansu. Wata safiya tana gyara masa matashi ya riƙo hannunta.

"Auta, ko yau na tafi ba ni da kaico. Kin jawo rai guda zuwa haske, abin da ni ban yi ba duk tsawon rayuwata." Ya juya wajen ƙofa inda surukinsa ke tsaye da abin awon jini. "Ɗana, zo ka yi mana addu'a. Addu'ar sabon tuba ba ta faɗuwa ƙasa banza."

Dokta ya dube ta, ita ta dubi ƙasa. Ya durƙusa bakin gadon ya kama hannun tsohon, ya roƙa masa sauƙi da barci mai daɗi, cikin kalmomin da ya koya a aji. Addu'ar ta yi kyau. Baba yana amin, fuskarsa a sake.

Auta ta zame ta shiga kicin, ta buɗe famfo don kada a ji ta. Ta so ta nemi gafara, ta rasa wa za ta fara nema wa: wanda ya faɗa, ko wadda ta sa shi, ko tsohon da ya gindaya sharaɗin. Wani tunani kuma ya zo mata wanda ya fi waɗannan tsoratar da ita, na yarinyar can da kafintanta, yadda Dokta ya ba da labarin, wai ko shi ne gaskiya. Ta girgiza kai ta kore shi, ya ƙi tafiya.

Dokta ya leƙo ya ce a hankali, "Jininsa ya sauka. Yana neman shayi."

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗora ruwa a wuta.