Hutun Haihuwar Suwaiba

Ni Mansura, da ƙafata na zaga makarantun kuɗi na Gusau da Tsafe da Bungudu da sunan ƙungiyar malamai, ina tambayar malamai mata yadda suke yi idan sun haihu. Amsar ɗaya ce: ko ki dawo aji da ɗanyen jego, ko a ba wata kujerarki. Na sha rana, na sha baƙar magana, kafin masu makarantu su yarda da hutun wata uku da albashi. Sharaɗinsu guda ne, mai cikin ta sanar da shugaban makaranta da bakinta kafin ta haihu. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne.

Wadda ya kamata ta fara cin moriyar abin ita ce Suwaiba, malamar aji biyu a wata makaranta a Bungudu. Cikin fari ne. Shugaban makarantar kuwa, Malam Attahiru, ƙanin mahaifin mijinta ne. Yarinyar nan ta zurma ƙaton hijabi ta ci gaba da koyarwa, ba ta ce uffan ba har naƙuda ta zo. Aka kai ta gidansu a Tsafe wankan jego. Makaranta ta ce ta bar aiki ba izini, aka ɗauki wata.

Raina a ɓace na shiga mota zuwa Bungudu.

"Malam, ba ka ga cikin ba?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Na gani, Hajiya. Amma ni da bakina in tambayi matar ɗana ko ciki gare ta? Ina jira ta hwaɗi, ba ta hwaɗi ba. Mai makaranta kuwa ya riƙe sharaɗi."

Na fita cikin haushi. Da ƙyar na shawo kan mai makarantar, ya ce idan ta zo ta yi wa shugaba bayani da kanta, a mayar mata da aikinta da hutunta.

Na wuce Tsafe, bayana kamar zai ɓalle. Na tarar da Suwaiba a ɗakin innarta tana shan kunun kanwa, jinjirin yana gefe, ko kallonsa ba ta yi saboda idon mutane.

"Tashi mu tafi," na ce. "Ki ce masa kin haihu, shi ke nan."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Anti, gaban Baba? Wallahi ban iyawa."

"Aikinki fa ya tafi ke nan."

"Ya tahi."

Na zauna bakin gado, gajiyar duk yawon nan ta sauko mini lokaci guda.

Innarta ta ajiye mini ruwa, ta ce, "Mi za ta hwaɗa mai wanda bai sani ba? Shi da hannunai ya yanka ragon suna."