Turkuɗin Inna

Shekarar da korona ta rufe hanyoyi, Ɗelu tana ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Taman Melati, can saman wani dogon bene, ita da mijinta Malam Halliru mai koyarwa a jami'a da 'yarsu Afnan. A nan rasuwar Innarta ta same ta, ta waya. Jirgi ba ya tashi. Ko kantin ƙasan bene, da suke kira kedai, mutum ɗaya ake bari ya je daga kowane gida. Haka aka yi jana'iza a Kura, aka share makoki, ita tana zaune tana kallon bango.

To, kun san halin zuciya, wani lokaci ƙaramin abu take kamawa. Inna tana da wani tsohon mayafin turkuɗi da take yafawa in za ta unguwa, mai bar mata shuɗi a wuya. Ɗelu ta tambayi yayarta Azumi, Azumi ta ce ai an yi sadaka da kayan, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar mayafin a hoto. Tun daga ranar, in Ɗelu ta rufe ido ta nemi launin, sai ta ga yana ƙara dusashewa. Tsoro ya kama ta kada wata rana ta nema ta rasa.

Sai ta ɗauko fentin makarantar Afnan da takarda mai kauri, ta matso baƙi, ta zana mayafin a kan igiyar shanya. Abin da ya fito kamar bakin rijiya. Malam Halliru ya leƙo, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya tambaya ko ledar shara ce. Ranar dai da kansa ya dafa shayinsa.

Maƙwabciyarsu Christy, 'yar Jos mai karatun zane, ita ta hango takardar daga barandarta.

"Maman Afnan, baƙin fentin kanti ba ya numfashi," ta faɗa ta cikin takunkumi. "Haɗa naki. Shuɗi da ruwan ƙasa, sai ɗigon ja."

Da yamma ta rataya mata fentin a hannun ƙofa, cikin leda, kamar mai kawo tapau, ƙunshin abincin sayarwa na can.

Ɗelu ta zuba su duka wuri guda, ta cakuɗa kamar mai kwaɓin ƙosai, ta lafta. Ya fito taɓo. Ta tafi wanke buroshi ranta a ɓace, sai ta ga yatsunta sun yi shuɗi har gindin farce, irin hannun marina na garinsu. Ta tsaya, famfo yana zuba. Ai tana yarinya ta sha tsayawa bakin karofi. Ba wanda yake rina turkuɗi da tsomi ɗaya. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har duhun ya taru da kansa.

Washegari ta sirka shuɗin da ruwa, ta shafa siriri, ta bar shi ya bushe ta tafi girki. Ta dawo ta ɗora ruwan ƙasa, ta sake bari. Kwanaki tana haka, ba gaggawa, dama ina za a je? Duhun ya yi zurfi, amma shuɗin yana nan ƙasa yana leƙowa. Daga ƙarshe ta ja ɗan jan layi a kan ninkin, wurin da ƙyallin bugu yake kama rana.

Ta ɗauki hoto ta aika wa Azumi, ba ta rubuta komai ba.

Sai bayan la'asar saƙon murya ya shigo. Da farko kukan akuya ne daga nesa, sannan Azumi ta yi magana da muryar wadda ta share hawaye.

"Shi ne, Ɗelu. Amma kin manta ƙunar nan ta gefen dama, inda garwashin turaren wuta ya faɗa masa."

Ɗelu ta yi dariya, idonta ya cika. Wallahi ta manta, ga shi yanzu tana ganinta sarai, har da ƙanshin. Ta jawo buroshi mafi siriri, ta nemi gefen dama.