Shanyar Loyis

"Oga Datong, fito ka tare mana keke!" Idiat ta ƙwala kira, tana riƙe da kafaɗar maƙwabciyarta.

Loyis na zaune a bakin ƙofa dafe da ƙirji, gumi ya jiƙe mata riga duk da sanyin safiyar Lahadi. Mijinta ya leƙo ta taga, dutsen guga a hannu.

"Maman Sodiq, bar ta. Abin nata ne ya motsa. Jiya ma sau uku ta duba gas."

Kowa a gidan hayar nan na Tudun Wada ya san "abin nata". Shekara da shekaru Loyis ba ta rabu da fargaba ba. In 'yarta Hosana ta makara daga makaranta, to mota ta buge ta ke nan. In hadari ya haɗo, sai ta fito da gudu ta kwashe shanyar kowa. Idiat ce ta ja ta asibiti bara. Likita ya ce ciwo ne, ba ƙarancin bangaskiya ba. Ya ce akan gaje shi, ga mahaifiyarta ma haka take, kuma gudun da ta yi da goyo lokacin rikici ya ƙara masa ƙarfi. Ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta kofi, ya haɗa ta da wata ma'aikaciya da suke zama duk mako biyu, tana koya mata yadda ake kwantar da numfashi. Loyis ba ta taɓa fashi ba. Barci ya dawo mata, har ta fara shiga keke ba ta damƙe hannun na kusa da ita ba.

"Ba shi ba ne," Loyis ta ce da ƙyar. "Na san nawa. Nawa ba ya saukowa hannu."

"Ke dai yi numfashin nan naki," in ji Datong. "Za mu makara sujada a coci."

Idiat ta dubi taga, ta dubi Loyis. Sai ta durƙusa.

"Maman Hosana, ja numfashi mu ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki."

Sun yi haka ya fi sau ashirin. Loyis tana bi, amma idonta na kan Idiat, yana roƙo. Sai da leɓenta ya sauya launi Idiat ta zabura titi da takalmi ɗaya.

A cikin keke Loyis ta cika, kanta a cinyar Idiat. Likitan da ya duba ta ya ce zuciya ce, kuma da an kawo ta da wuri, wataƙila da ta tashi.

Ran Talata aka kafa rumfa a tsakar gida, matan Zumunta na cocinsu suka cika kujeru suna waƙa. Idiat na raba shayi ta ji Datong yana gaya wa masu gaisuwa, "Tunani ne ya kashe ta. Na sha gaya mata ta bar wa Ubangiji."

Ta dire tiren, kofuna suka yi ƙara.

"Ƙarya ne!"

Waƙa ta tsaya.

"Matar nan ta yi yaƙi da tunanin, ta kusa cinye shi, ba wanda ya ce mata sannu! Ta ce maka ba shi ba ne. Da bakinta ta faɗa! Kai kana guga. Riga, Oga Datong, riga!"

Wata dattijuwa ta kamo mata hannu. "'Yata, gidan makoki ne."

"Na sani, Mama. Ai da hannuna a ciki. Mace tana mutuwa, ni ina koya mata ƙirga."

Datong ya sunkuyar da kai.

Idiat ta zame hannunta, ta zaga bayan ɗakuna. Hadari ya riga ya rufe duwatsu. Igiyar shanya cike take tun ranar Asabar: kayan makarantar Hosana, wandunan Sodiq, zanen Loyis mai ruwan goro. Yayyafi ya fara ɗiga a kansu. Ta tsaya tana jira, kamar za ta ji takun silifas ɗin Loyis da gudu.

Sannan ta miƙa hannu, ta fara da zanen.