Ruwan da Mama Ta Ƙi Zuba Mini

Shekara talatin da uku na yi a bayan gilashi, a tashar jirgin ƙasa ta Karnobat, ina sayar wa mutane tikiti. Na san sunan kowace tasha a ƙasar nan, na san ƙarfe nawa kowane jirgi yake tashi, amma ƙafata ba ta taɓa taka wata ƙasa ba. Duk bazara sai masu jakar goyo su zo gaban tagata, fuska a ƙone da rana, takalma duk ƙura, su nuna mini sunan gari a takarda. In miƙa musu tikiti, in bi bayansu da kallo har su shige. Ba zan ɓoye ba, hassada nake yi musu.

Ranar da na karɓi takardar fansho, ina da shekara sittin da biyu, ban zarce gida ba. Na hau jirgi zuwa birnin Burgas, na sayo jakar goyo da takalman hawan dutse. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, wata guda cur na yi ina cika jakar da dankali, in sa takalman, in zagaya gonakin inabi kowace safiya. Garin nan kaf ya samu abin dariya. Matan unguwa suka ce ni Nedyalka na zautu, wasu suka ce ai namiji ta samu a waya. Na yi kunnen uwar shegu da su, takalmana kuwa suka yi laushi.

Shirina shi ne wata huɗu a ƙasa, ba jirgin sama: Turkiyya, Jojiya, Armeniya, Iran, in dawo ta gabashin Turkiyya. Matsalar ita ce Mama. Shekararta tamanin da huɗu, ban da gwiwa ba abin da ke damunta, bakinta kuwa ya fi na kowa lafiya. Tun da aurena ya mutu, shekara goma sha tara ke nan, ni nake zaune da ita. Yayana Zdravko gidansa layi biyu ne tsakaninmu, amma ranar Lahadi kaɗai muke ganinsa, ya zo ya ci banitsa mai zafi, gashin fulawa da cuku irin namu, ya ba mu shawarar yadda za mu zauna, ya goge baki ya tafi.

Da na faɗa masa, sai da ya ajiye cokali. Ya ce to wa zai kula da Mama? Na ce ɗan da ta haifa kafin ni. Ya kawo maganar aikinsa, na tuna masa shekara uku ke nan da ya yi fansho. Ya kawo ciwon bayansa, ya kawo 'yan fashi, ya kawo yaƙi, har ya kawo abin da mutane za su ce.

“Yaya,” na ce, “shekara goma sha tara na yi. Wata huɗu kawai nake nema. In sun yi maka yawa, faɗa a gaban Mama, ga ta nan.”

Bai faɗa ba. Mama kuwa ta ɗaga kai ta dubi moɗar tagullar da ke rataye a bayan ƙofa, ta kawar da ido.

Da moɗar nan Mama take zuba ruwa a bakin ƙofa, gaban duk wanda zai fita wata babbar tafiya, ya taka ya wuce, don al'amarinsa ya tafi sumul kamar ruwa. Ta zuba mini ranar da na fara makaranta. Ta zuba wa Zdravko da zai tafi soja, ta sake zuba masa da zai tafi Sifen tsinkar lemu, tafiyar da ya dawo bayan sati biyar wai rana ta yi yawa. Jikoki ko jarrabawar tuƙi za su je sai sun biyo ta nan. Ni da na yi rayuwata da jadawalin jirgi ban yarda da camfi ba, amma ruwan nan nake so, ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa.

Safiyar tafiya, cikin watan Agusta, na goya jakata na tsaya a bakin ƙofa. Mama tana zaune a benci ta harɗe hannu. Moɗa tana kan ƙusarta. Na gyara igiyar takalmi, na sake gyarawa, na duba fasfo sau biyu, duk don in ba ta lokaci.

“Mama, zan tafi.”

“Na gani, ba makauniya ba ce ni.”

“Ruwan fa?”

“Mai fita neman wani abu ake zuba wa ruwa, Nedke. Ke me za ki nemo?”

Na ce ba komai, gani kawai zan je yi. Ta ce to mai zuwa kallo ba ta bukatar ruwa, ta bar uwarta ta tafi yawon gantali da furfura a ka, sai ta taka busasshiyar ƙasa. Akwai gorar ruwa a gefen jakata, har hannuna ya kai kanta, amma mutum ba ya zuba wa kansa. Na ɗaga ƙafa na tsallake dokin ƙofar a bushe. Ban waiwaya ba, don kada ta ga idona.

Wanda duk zai yi irin tafiyar nan, ga abin da zan ce masa, ya ɗauka ko ya bari. Ya zube kayansa a gado, ya mayar da rabi cikin kabad. Ni kwalaben miyar tattasai shida na ɗauka, wai kada in yi kewar gida, kafin in bar Istanbul na rabar da biyar, kafaɗuna suna tsine mini. Iyaka kuma da safe ake tsallake ta, lokacin ma'aikata sun sha shayi kuma akwai motoci a ɗaya gefen. In jami'i ya tambaye ka, ba shi amsa gajeriya, ba labarin rayuwarka ya nema ba. Ka ci abinci inda direbobi suke ci. A jirgin dogon zango ka nemi gadon ƙasa, gwiwa ba ta san kunya ba. Kowane mako ka ware kwana ɗaya da ba za ka ga komai ba, ka wanke safa, ka zauna. Kuma don Allah kada ka ƙwanƙwasa gilashin mai sayar da tikiti. Ka rubuta sunan garin da ranar a takarda, ka gaishe ta, ka jira. Na san abin da muke yi wa masu ƙwanƙwasawa, kujerar kusa da banɗaki ba da kanta take zaɓen mutum ba.

Abin da na gani kuwa, gani ya kori ji. An tsorata ni da mutanen hanya, sai ga shi babban haɗarin da na fuskanta shi ne cin abinci fiye da cikina. A Jojiya wani direba ya tsayar da motar haya don kawai in ga dutse da kyau, fasinjoji suna ta mita. A Iran na ɗaura ɗankwalin da na rantse ba zan taɓa ɗaurawa ba, don kada in yi kama da tsofaffin ƙauyenmu, na duba madubi sai na ga Mama sak. Ba kullum daɗi ba ne. Na yi gudawa ta kwana uku, na yi kuka a wata tasha da ban iya karanta ko harafi ɗaya na allonta ba. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

A garin Kars, a gabashin Turkiyya, ne abin ya taɓa ni. Na kwana huɗu a gidan wata mata mai suna Gulizar, mai ba da hayar ɗaki, ba ma jin yaren juna sai nuni da dariya. Da zan tafi, na yi taku kaɗan sai na ji fatsal a bayana. Na juya, ga ta da kwano a hannu, ta watsa ruwa a kan hanya. Mu a gaba muke zubawa, su a baya. Na tsaya a tsakiyar titi da ƙatuwar jaka ina hawaye, baƙuwa ta yi mini abin da uwata ta hana ni.

Duk Lahadi ina kiran gida. Mama ba ta taɓa karɓar wayar ba, Zdravko ne yake ɗauka ya karanto mini wahalarsa. Ina Armeniya, wata biyu da fita, sai ya sauya murya. Ya ce Mama ta fara rikicewa, tana wasu abubuwa da ba na masu hankali ba, in dawo maza. Na tambaye shi me take yi, ya ce sai dai in zo in gani da idona. Tsoro ya kama ni sosai. Amma na san yayana. Na ce tana cin abinci? Ya ce fiye da shi. Tana gane ka? Ya ce kullum sai ta zage shi da cikakken sunansa.

“To lafiyarta ƙalau,” na ce. “Sai Disamba, Yaya.”

Ya ce in wani abu ya same ta alhakin yana wuyana. Na ce na ɗauka, jakata ta yi sauƙi, akwai wuri. Na kashe wayar, amma maganar ta bi ni har ƙarshen tafiyar.

Na sauka a Karnobat wata safiya cikin Disamba, sanyi kamar zai tsinke kunne. Zdravko yana jira a kan dandamali, hannunsa na hagu a naɗe da filasta, rataye a wuya. Ko sannu da zuwa bai ce ba. Ya ɗaga hannun ya ce in duba aikina da na uwata.

A hanya ya zazzage mini komai. Tun washegarin tafiyata, kowace safiya Mama sai ta jawo ƙafa zuwa bakin ƙofa ta zuba ruwa, ba kowa a gabanta, ba mai fita. Da zafi bai damu ba. Da sanyi ya shigo ruwan ya fara daskarewa, ya roƙe ta, ya yi faɗa, ya barbaɗa toka, ya ɓoye moɗar a saman kabad, ta koma zubawa da kofin shayi. Sati biyu da suka wuce ya fito da kwandon shara, santsi ya kwashe shi. Rikicewar da yake faɗa mini ke nan.

Da muka isa, ga dokin ƙofar nan da matakala biyun da ke gabansa duk sun yi sulɓi da ƙanƙara, hawa kan hawa, na yau bai gama daskarewa ba. Na dafa bango na taka a hankali na shiga. Mama tana kusa da murhu, ta ƙara ƙanƙancewa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, na yi baƙi, kuma jakata tana wari. Na durƙusa na kama hannunta.

“Mama, ruwan me kike zubawa a ƙofa?”

“Wanke ta nake yi. Laifi ne?”

“Kwana ɗari da ashirin?”

Ta fizge hannunta, ta juya ga wuta. Sai can ta ce, “Ina na san ranar da za ki kama sabuwar hanya? Yau kina nan, gobe kina can, ba kya faɗa wa mutum. Sai in bar ki ki taka busasshiyar ƙasa a garin da ba wanda ya san ki?”

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da na riƙe tun Agusta. Ta bar ni na yi, tana ɗan bubbuga mini ƙeya. Da na share fuska, na ga gara in faɗa tun yanzu kowa ya ji. Na ce in bazara ta shigo zan sake fita, wannan karon wata biyar. Zdravko ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa yatsa ya rufe.

“Mahaukaciya,” ta ce. “To ki rubuta mini ranakun a takarda, kada in karya wa yayanki ɗaya hannun.”