Bindigar Jakar Hannu

Maidaji ya ture kwanon taliya gefe, ya zana harsashi biyu a kan takardar goge hannu, ɗaya siriri, ɗaya ɗan kakkaura.

"Zaɓi ɗaya, Hajiya. Ita bindigar 'yar mitsitsiya ce, harsashi biyar take ci. Jakar hannunki za ta haɗiye ta."

Hajiya Fasuma ta ƙura wa zanen ido. Shekara goma sha ɗaya tana sarin tufafi daga kasuwar Baima ta Guangzhou zuwa Kantin Kwari. Wata huɗu da suka wuce, 'yan fashi suka tare motar kayanta bayan Lakwaja da rana tsaka, suka kwantar da ita a kwalta, suka harbi direbanta a cinya. Kowa a gida ya ce ta haƙura da Guangzhou. Ita kuwa ta sake yankar tikiti, ta zo wajen Maidaji, tsohon sojan da ke loda mata kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha.

"Mene ne bambancinsu?" ta tambaya.

"Siririn ba ya girgiza hannu, amma ƙato zai iya shan biyu ya ƙaraso gare ki. Wannan kuwa talatin da takwas muke ce masa a bariki. Ba ya maimaita magana, sai dai yana shurin mai harbawa. Ga mace dai, siririn zan ce."

"Ga mace?" Ta ɗaga gira. "Alhaji, dilar da ke gagarar 'yan dakonka ni nake juya ta. Babban nake so."

Ya yi dariya, sannan ya leƙa titin Liuhua. Saboda wasannin Olamfik, 'yan sanda sun tsaya a bakin hanya suna duba fasfon baƙi. Ya rage murya.

"Cikin dilar wandunan yara zan cusa ta, tare da 'yan'uwanta."

"'Yan'uwanta nawa?"

"Ashirin kacal. Akwai masu jira a Legas. Taki kyauta ce."

"Su wa ke jira?"

"Hajiya, ana tambayar mai saye?"

Fasuma ta ajiye kofin shayinta. Ƙeyarta ta ɗauki wani sanyi da ta sani.

"Wadda aka ɗora mini a ƙeya ma 'yar mitsitsiya ce," ta ce. "Ban ga fuskar mai ita ba. A kwantenar wa ta zo?"

Fara'ar Maidaji ta ɗauke. "Ki yi tunani. Jirage sun cika, an tsaurara komai. Idan na janye hannuna, kayanki ba za su riski kasuwar sallah ba."

"To su riski ta layya."

Ta miƙe, ta kira Adizatu, wata 'yar Kumasi mai aika kaya, ta ce mata ta turo mota siton Maidaji kafin la'asar, a kwashe kayanta.

"Kowace dila a gabana za a farke ta," ta ce masa. "Ka zo da almakashi."

"Hanyar Lakwaja fa? Hannu wofi za ki koma mata?"

Tambayar ta taɓa ta. Ta dafa kujera.

"A gaban mota zan zauna," ta ce.

Ta fita cikin zafin rana, ta nufi 'yan sandan kai tsaye. Tun kafin su ɗaga mata hannu ta miƙa musu fasfonta.