Kwana Goma a Tanderu

Shekara goma sha tara ina gasa wa Farfesa duwatsu. Aikina ke nan a ɗakin gwajinsa: in auna garin tagulla da na tutiya, in liƙe su a bututun gilashi, in sa a tanderu, su fito ƙananan lu'ulu'u kore kamar ƙwayar gishiri. Sarkin Wuta yake kirana, ni kuwa har kaina yake kumbura.

Ya taɓa yi mini bayanin abin da yake nema, yana zanawa a bayan wata ambulan ta wasiƙa. Kowace ƙwayar tagulla a dutsen tana da ɗan maganaɗisu, kuma ba ta yarda ta fuskanci inda maƙwabciyarta ta fuskanta. To ga su a zaune uku-uku. Ta farko ta dubi sama, ta biyu ta dubi ƙasa, ta uku ta rasa inda za ta sa kanta. Sauran duwatsu idan aka sanyaya su matuƙa, ƙwayoyin sukan haƙura su jeru. Namu ya ƙi jeruwa duk sanyin da aka ba shi. A kan wannan taurin kai Farfesa ya gina sunansa, ya yaye ɗalibai goma sha ɗaya.

Littafin aiki ya ce a bar tanderu ya huce a hankali, kwana goma. Ni kwana uku nake yi. Farfesa mutum ne mai gaggawa, kullum yana leƙowa yana tambaya ko an sauke, ni kuma ba na son ganin ransa a ɓace. Sai in ɗan buɗe ƙofar tanderun in tokare da bulo. Dutse yana fitowa kore shar, kowa yana murna, in rubuta goma a littafi. Wallahi ban ɗauke shi ƙarya ba. Na ɗauka gwaninta ce.

Da ritayarsa ta matso, na ce bari in yi masa kyauta. Na gasa guda na bi littafi tiryan-tiryan, kwana goma cur ban taɓa ƙofa ba. Ban taɓa fitar da mai kyansa ba.

Dakta, tsohuwar ɗalibarsa da ke kula da na'urar sanyi, ita ta auna shi. Bayan mako guda ta same ni ina wanke bututu, fuskarta ba annuri.

“Baba, me ka yi wa wannan dutsen?”

“Lafiya? Bai yi kyau ba?”

“Ya yi kyau fiye da kima. Ya jeru, Baba. Sau huɗu ina maimaitawa.”

Ta duba tsofaffin kuma, ta gano tutiya ta shige gurbin tagulla nan da can, irin abin da saurin hucewa ke jawowa. Ashe ba wani abin mamaki ne ya hana ƙwayoyin jeruwa ba. Dagulewa ce kawai, kuma hannuna ne ya dagula.

Farfesa ya kira ni ofis. Rabin littattafansa sun riga sun shiga kwali. Ya ajiye kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya da tsohon dutse, ɗaya da sabo.

“Sarkin Wuta, wanne ne aka yi yadda littafi ya ce?”

Da na ce tsohon, da ya yarda. Zai ce sabon ne ya lalace, a jefar, ya tafi gida da mutuncinsa. 

“Sabon ne, ranka ya daɗe.”

“Sauran fa?”

“Kwana uku.”

“Dukansu?”

“Dukansu.”

Ya ɗauki biro ya rubuta. Bai ɗaga kai ba har na fita.

Ranar laccar bankwana zauren ya cika, ɗalibansa sun zo daga nesa, matarsa da jikokinsa suna layin gaba. Na raɓe a baya ina jiran a ambace ni. Ya nuna sabon sakamakon, ya ce duk abin da ya wallafa a kan dutsen nan kuskure ne, zai janye shi. Wani ya tambaya daga ina matsalar ta fito.

“Daga wurina,” in ji shi. “Ni na yi ta gaggawa.”

Bai dubi inda nake ba. Da ya zage ni a gaban mutanen nan, da na fi samun sauƙi. Har yau ina aiki a ɗakin gwajin, kuma duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ni, a ce ga wanda ya gasa dutsen da ya tona gaskiya.